Mai ganga a gayya ma'aikaci ne ko ɗan kallo? Hausa da manhajojin kowa da kowa



Tun watan Maris na 2025, lokacin da kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi kuma sunka koma harsunan aiki, tambaya guda ake ta jefawa a fada da kasuwa: to yaushe salula za ta fara jin Hausarmu? Doka dai an yi ta a Yamai, amma doka ba ta fassara maɓallin waya. Mutane ke zama su yi wannan aiki, kuma mafi yawan masu iya yinsa a nan ba su taɓa rubuta layi ɗaya na kod ba, wato umarnin da ake rubuta ma ordinater.

Akwai wasu manhajoji da ake kira buɗaɗɗu, ko na kowa da kowa. Mai su ya bar ƙofa buɗe: ka duba yadda anka gina su, ka gyara, ka raba ma wani, ba wanda zai ce ka yi sata. Wani Ba'amurke, Richard Stallman, ya fara wannan tafiya a 1983, sannan a 1991 wani ɗalibi ɗan Finland, Linus Torvalds, ya fito da Linux. Kada ku ɗauka abin na nesa ne. Wayar Android da ke aljihunku bisa Linux take tafiya. VLC da samari ke kallon fim da shi a Sabon Gari irinsu ne. Audacity da gidajen rediyo irin namu ke yanka murya da shi irinsu ne. Hatta DHIS2, inda ake tara alƙaluman likitocin ƙasar nan, buɗaɗɗiya ce, daga jami'ar Oslo ta Norway ta fito.

Gardamar da ta daɗe a cikin masu wannan aiki ita ce: wa ke ɗan gida? Wasu sun ce mai rubuta kod kaɗai. Mai fassara, mai zane, mai ba da murya, mai rubuta bayanin yadda ake aiki da manhaja, duk baƙi ne da ake yi ma sannu da zuwa. Shafin GitHub, inda ake ajiye mafi yawan waɗannan ayyuka, wanda kamfanin Microsoft ya saya a 2018, yana nuna ƙoƙarin mutum da wasu ƙananan akwatuna koraye. Wanda ya yini yana koya ma mata ashirin yadda za su yi aiki da manhajar, akwatinsa fari fat zai kwana.

Mu a nan abin ya tuna muna da gayya. Ranar gayya masu hauya ke gaba, ba musu. Amma akwai mai gangar noma, akwai matan da sunka dama fura, akwai yaron da ke kai ruwa. A cire su a gani ko za a kai azahar. Kuma ko a gidan masu kod ɗin haka take: tsuntsun nan fengwin da duniya ta san Linux da shi, wani mai suna Larry Ewing ya zana shi a 1996. Da yawa daga masu VLC ba su san sunanta ba, alamar nan mai ruwan lemu ta masu gyaran hanya suke nema a waya. Zane ne ya kai su, ba kod ba.

Sai dai masu kod suna da hujjar da ba za mu raina ba. Manhajoji da dama mutum ɗaya ko biyu ke riƙe da su, ba albashi, bayan sun taso daga aikin da ke ciyar da su. A watan Maris na 2024 an gano wani ya ɓoye ƙofar sata cikin wata ƙaramar manhaja mai suna xz da Linux ke aiki da ita, bayan ya shafe shekaru yana nuna shi mai taimako ne ga mai riƙon da gajiya ta cinye. Mutumin da ke cikin irin wannan hali, in ka aiko mishi da sabon zane ko fassarar harshen da bai ji, ka ƙara mishi kaya ne, don ba ya da hanyar sanin ko daidai ne. Kuma fassara tana ɓata kamar yadda take gyara. A 2020 an gano cewa dubban maƙaloli na Wikipedia ta harshen Skots, a ƙasar Skotland, wani matashi Ba'amurke ne da bai iya harshen ba ya rubuta su, shekara da shekaru ba wanda ya lura. Da niyyar alheri ya yi. Mu ma yau muna cin karo da Hausar inji a intanet, wadda kalmomin namu ne amma ba uwar da ta taɓa faɗin haka ma ɗanta.

Abin da wannan ke nuna muna shi ne aikin harshe yana buƙatar masu duba shi da sunka san harshen, kamar yadda kod ke da nasa. Ba a ba mutum ikon dubawa in ana ganinsa baƙo. Nan ne gardamar ta shafe mu kai tsaye.

Ku ɗauki Common Voice na gidauniyar Mozilla, wanda anka buɗe a 2017, Hausa kuma ta shiga cikin taskarsa a 2021. Aikin ba wuya: ka karanta jimla ka naɗa, wasu su saurara su ce daidai ne ko a'a. Da irin waɗannan muryoyi ake koya ma na'ura jin magana. To in duk masu naɗin da masu dubawar daga Kano da Kaduna suke, me zai faru ranar da tsohuwa a Tibiri ta ce "munka tahi", ko ta ce "kuran ya ɗauke", ko ta ƙirga kuɗi da dala da jika? Na'ura za ta ɗauka ta yi kuskure. Ba laifin Kanawa ba ne, su sun fito aiki. Gobiranci da Katsinancin Maradi sai masu su sun kawo su. Ga wanda bai yi lakwal ba, waya mai jin magana ita ce bambancin tsakanin ya nemi farashin wake da kansa da ya jira ɗansa ya dawo daga gari.

Haka zancen taswira. OpenStreetMap, wadda anka fara a Ingila a 2004, kowa na iya sa mata hanya da rijiya da sunan unguwa, kuma masu agaji sun dogara da ita sosai bayan girgizar ƙasar Haiti a 2010. Maradi ta san ruwa: ambaliyar 1945 ce ta tayar da tsohon gari daga bakin Gulbi zuwa tudu, damanar 2024 kuma ta ci rayuka da gidaje a cikin birni. Wa ya san lungun da ruwa ke tarewa fiye da ɗan kabu-kabu? Wa ya san cewa Tibiri biyu ce a Nijar, ta Gobir da ta jihar Doso, in ba ɗan ƙasa ba? Mai zogale a Jiratawa ya fi injiniyan Paris sanin hanyar da mota ke bi ta shiga fadama a watan Agusta.

Inda misalin gayya ya gaza shi ne rabon amfani. A gayya kowa ya san mai gona, kuma gobe zai zo taka. A nan ba haka ba. Muryar da ka ba Common Voice ka sallama ta gaba ɗaya ƙarƙashin lasisin CC0: kowane kamfani, a Amurka ko Sin, na iya ɗauka ya gina abin sayarwa, bai ambaci kowa ba. Kai kuwa da kuɗin megarka ka yi, ka biya cajin waya. OpenStreetMap ta fi tsauri, don lasisinta ya wajabta a ambaci masu aikin, kuma wanda ya gyara bayanan ya fitar da su dole ya bar su a buɗe. A ganinmu bai halatta a tara mutanen ƙauye a naɗi muryarsu ba tare da an faɗa musu wannan da Hausa ƙarara ba, kuma duk ƙungiyar da ta samu kuɗin furoje don irin wannan aiki ta biya masu murya kamar yadda take biyan mai ordinater.

Ɗaliban jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ke koyon kod za su iya riƙe ɓangaren na'ura. Kalmomin kuwa suna wajen malaman yaƙi da jahilci, ungozomomi, dillalan kasuwa da masu gabatar da shiri a rediyo. In za a fassara manhajar da ma'aikaciyar likita za ta nuna ma uwa mai ɗa da tamowa, muna son a ga sunan wadda ta zaɓi kalmar a jerin masu aikin, kuma a ba ta ikon cewa wannan fassara ba ta wuce ba.