Jirgin Fiton Gwamnati, Sufeton Gwamnati: Abin Da Ya Faru A Tsibirin Ukara

Mu da mu ka tashi a ƙasar tudu, inda mutum kan iya ɗora majiyyacinsa a kan jaki ko keke ya nufi asibiti in mota ta gagara, ba kasafai mu kan tuna da cewa akwai talakawan da ruwa ya kewaye ta ko'ina ba. Su waɗannan ba su da wata hanya sai jirgi. In ya tashi sun tashi, in ya lalace sun zauna. Saboda haka ne mu ke so 'yan'uwanmu ɗalibai, da ƙananan ma'aikata waɗanda jiya jiya su ka bar waɗannan azuzuwa, su dubi abin da ya sami mutanen tsibirin Ukara a ƙasar Tanzaniya, domin akwai tambaya a ciki wadda ta shafi duk wanda ya ke shirin zama a bayan teburin gwamnati.

Ukara ƙaramin tsibiri ne a Tabkin Biktoriya, arewa da babban tsibirin Ukerewe. Mutanensa sun haura dubu talatin, kuma sun yi suna wajen noma ƙasa kaɗan da taki da kiwon shanu a turke. Hedkwatar gundumarsu da asibitin gunduma suna Nansio, a kan tsibirin Ukerewe. Manyan asibitoci kuwa, irin su Bugando, suna can birnin Mwanza, tafiyar awoyi a kan ruwa daga Nansio. A 2018, abin da ya haɗa Ukara da duk waɗannan shi ne jirgin fito mai suna MV Nyerere, wanda ya ke kai da komowa tsakanin Bugolora da Bwisya.

Ran 20 ga Satumba, 2018, ranar kasuwar Bugolora, jirgin ya ɗauko mutane da buhunan masara da siminti, ya nufo Bwisya. Saura 'yar tazara kaɗan ya isa gaɓa, jama'a na tsaye suna kallo, sai ya kife. An ƙera shi ne don ɗaukar mutum kamar 100 da kaya tan 25. Waɗanda su ka rasu sun haura 220, waɗanda su ka tsira kuwa ba su wuce arba'in da 'yan kai ba. Da dare ya yi a ranar farko sai aka dakatar da aikin ceto har wayewar gari, alhali kuwa bayan kwana biyu an fito da injiniyan jirgin da ransa daga wani lungu inda iska ta maƙale. Kowa ya yi wa kansa lissafin abin da wannan dare ya ci.

Da aka tambayi hukumar da ke tafiyar da jirgin, watau TEMESA, yawan mutanen da ke ciki, sai ta ce ba za ta iya faɗa ba, domin mai sayar da tikiti ya nutse, na'urar da ke riƙe da lissafin ma ta bi ruwa. A ganinmu wannan amsa ta fi kowane dogon rahoto bayyana inda cutar ta ke. Hukumar gwamnati ce ta ɗora 'yan ƙasa a kan jirginta, amma babu ko takarda guda a gaɓa wadda ta nuna nawa ne su ka hau. Kuma wannan ba sabon abu ba ne a tabkin. Ran 21 ga Mayu, 1996, jirgin MV Bukoba, shi ma mallakar gwamnati, ya kife kusa da Mwanza da ɗaruruwan mutane, kuma har yau ana saɓani a kan adadin, domin ba a rubuta sunayen masu tikitin aji na uku ba. Shekara ashirin da biyu tsakani, amma talaka bai sami shiga rajista ba.

To, me gwamnati ta yi? Shugaba John Magufuli ya sa aka yi zaman makoki na kwana huɗu, ya ba da umurni a kama masu hannu a tafiyar da jirgin, ya kuma ce labarin da ya iske shi shi ne kyaftin ya bar tuƙi a hannun wanda bai ƙware ba. Ya rushe hukumar gudanarwar TEMESA, ya rushe ta SUMATRA mai sa ido a kan sufuri, aka naɗa kwamitin bincike a ƙarƙashin Janar George Waitara mai ritaya. Ba mu ce waɗannan ba su da amfani ba. Amma sa ido aiki ne na ranar da ba abin da ya faru, ranar kasuwar da jirgi ya cika maƙil ya kuma isa lafiya, kowa ya sauka ya manta. Irin waɗannan ranaku sun yi yawa kafin 20 ga Satumba, kuma ɗan majalisa mai wakiltar Ukerewe ya riga ya kai kuka gaban majalisa a kan halin da jirgin ya ke ciki. Ihu bayan hari kowa ya iya shi.

Ga inda mu ke ganin gizo ya ke saƙar. A 2018, mai jirgi da mai duba jirgi duk 'ya'yan ma'aikata ɗaya ne, minista ɗaya su ke yi wa biyayya. A ce ƙaramin sufeto ya tsaya a gaɓa ya hana jirgin gwamnati tashi, to, kuɗin shigar ma'aikatarsa ya tare, kuma ya tona asirin cewa ma'aikatar ba ta tanadi isasshen jirgi ba. Wa zai yaba masa? Wanda ke rubuta masa rahoton ƙarin girma shi ne wanda zai ji kunya. In kura ce ke tsaron garke, ba a tambayar awaki nawa su ka kwana. Dokokin duniya ma ba su cece shi ba, domin babbar yarjejeniyar kare rayuka a teku ta 1974 ta fi shafar jiragen da ke ƙetarawa daga ƙasa zuwa ƙasa. Jirgin fito na cikin gida an bar wa kowace ƙasa ta ji da abinta, kuma sai a 2022 ne hukumar sufurin ruwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fito da samfurin ƙa'idoji dominsa, wanda ba tilas ba ne a kan kowa.

Akwai 'yan'uwanmu masu cewa maganin abin shi ne gwamnati ta tsame hannunta, a bar wa 'yan kasuwa. Su waiwayi Zanzibar. Ran 10 ga Satumba, 2011, jirgin 'yan kasuwa MV Spice Islander ya nutse tsakanin tsibirin Unguja da na Pemba. An ba shi izinin ɗaukar mutum ƙasa da 700, amma kwamitin binciken gwamnati ya gano cewa ya ɗauki fiye da 2,000, kuma tsakanin waɗanda aka ga gawarsu da waɗanda su ka ɓace an yi asarar fiye da mutum 1,500. Ba a cika shekara ba, a Yulin 2012, MV Skagit ya bi sahu, wani tsohon jirgi da aka sayo daga Amurka, wanda aka ƙera don ruwa mai kwanciya, aka sa shi ratsa teku. Ministan da ke kula da sufuri a Zanzibar ya yi murabus, abin da ba a saba gani ba a nahiyarmu. Ashe ke nan na gwamnati ya nutse, na ɗan kasuwa ya nutse, kuma abin da ya haɗa su shi ne ba wanda ya tsaya a bakin tsani yana ƙidaya da ikon cewa ya isa haka.

Sai dai mu yi wa wancan sufeto adalci. In ya mai da mutum ɗari baya a Bugolora da yamma, ina za su kwana, kuma da me za su koma gida? Za su faɗa kwale-kwale ne, wanda ya fi jirgin haɗari. Ba ganganci ne ke sa talaka ya cusa kansa cikin jirgin da ya cika ba, rashin na biyu ne. Ranar kasuwa kuwa ba ta zuwa ba zato. Don haka sa ido na gaskiya ya haɗa da tambayar sawu nawa jirgi zai yi a ranar, da wane jirgi zai maye gurbinsa in ya shiga gyara. A 2020 gwamnati ta kawo sabon jirgi, MV Ukara II, mai ɗaukar mutum kamar 300. Madalla. Amma bukatar nan tana nan tun kafin a haƙa kaburbura a Bwisya.

Yanzu mu zo kan lafiya, wadda a ofis a ke ware mata ma'aikata dabam da fayil dabam, alhali a tsibiri ita da sufuri abu ɗaya ne. Masana lafiyar mata sun daɗe da bayyana cewa jinkiri uku ke kashe mai naƙuda: jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, jinkirin isa can, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Zubar jini bayan haihuwa na iya ɗauke mace cikin awa biyu. Matar da jini ya ɓalle mata da tsakar dare a tsibirin da ba a yin tiyata ko ƙarin jini, jadawalin jirgin fito ne zai yanke mata hukunci. Allurar rigakafin yara, wadda yawancinta tilas ta zauna cikin sanyi tsakanin digiri 2 da 8, a jirgin nan za ta ƙetaro. Maganin zazzaɓin cizon sauro, da na tsutsar ruwa mai lalata hanji da hanta wadda ta addabi mazauna gaɓar tabkin, duk ta nan za su bi. Malamin asibiti da ungozomar da aka tura can, in sun san ran da su ka kwanta ciwo su ma sai sun jira jirgi, ba za su daɗe ba za su fara neman canjin wurin aiki.

Bayan haɗarin, jama'a da kamfanoni sun tara gudummawa, sai Shugaba Magufuli ya ce a ɗauki wani kaso a faɗaɗa cibiyar lafiya ta Bwisya. An yi, kuma mutanen Ukara suna amfana, ba mu raina ba. Amma mu tsaya mu dubi abin da kyau. Mutanen da ke biyan haraji tun samun 'yancin kai a 1961 sun sami ginin da ya dace da su ne daga kuɗin ta'aziyyar 'yan'uwansu. Abin da ya kamata ya fito daga kasafin kuɗi na shekara-shekara ya fito daga faifan makoki. Tsibiran da ba su yi asarar mutum ɗari biyu a yini ɗaya ba fa, su jira me?

Kada mu ɗauka labarin nesa ne. A Mayun 2021 jirgin ruwa ya nutse a Kogin Kwara kusa da Wara ta Jihar Kebbi da mutum fiye da ɗari, a Yunin 2023 kuma wani ya kife a yankin Patigi ta Jihar Kwara da 'yan biki, aka rasa fiye da mutum 100. Muna da hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida tun 1997, mai hedkwata a Lokoja, kuma bayan kowane haɗari mu kan ji maganar lodi fiye da kima, da tafiyar dare, da rashin rigar ruwa.

Abin da mu ke nema ga mutanen Ukara da ire-irensu ba ya bukatar wata gagarumar dabara. A raba mai duba jirgi da mai jirgi, ya zama majalisa ya ke kai wa rahoto, kuma ba ministan da ya tsayar wa jirgi ne zai iya korarsa ba. A riƙa barin kwafin sunayen fasinja a gaɓa kafin a kwance igiya. Rahoton kowane kwamitin bincike a buga shi, a fassara shi da harshen da masunta ke ji. Ma'aikatar lafiya kuma ta zauna a teburin da a ke tsara jadawalin fito, ta kuma ajiye jirgin ɗaukar marasa lafiya a kowane tsibiri mai yawan jama'a, da direbansa da kuɗin mansa rubuce a cikin kasafi, domin jirgin da aka ƙaddamar da kiɗa da jawabi amma tankinsa babu mai, a ɗaure zai kwana ran da mai naƙuda ta zo.