Abin Da Ba A Faɗin Sunansa Ba A Taya Shi

Jama'a, a wannan mako za mu yi magana a kan wata haja wadda kusan kowane gida ke bukata, amma ba mai son ambatonta a kasuwa. Muna nufin audugar mata, watau abin da mace ke tare jinin haila da shi. Mun san wasu za su ce wannan ba maganar jarida ba ce. To, duk abin da ke cin kuɗin talaka wata-wata maganar jarida ce.

Ku dubi yadda ake cinikinta. Yarinya ta zo bakin teburi ta sunkuyar da kai, ta ce a ba ta "abin nan". Mai teburi ya ɗauko wadda ya ga dama, ya ƙunshe a baƙar leda, ya yanka kuɗi, ta biya ta yi gaba da sauri. Yarinyar nan kuwa, in tumatir aka aike ta saye, sai ta taya sau uku kafin ta kwance bakin zane. Kunya ce ta hana ta tambayi ko guda nawa ne a ƙunshin. Wasu kuma Always kaɗai suka iya faɗa, kamar yadda ake kiran kowane garin sabulu Omo. Wadda ta kira suna ɗaya ta rufe wa kanta ƙofar gwada kuɗin sauran da ke jere a kan kanta.

Ba mu ce a bar sakaya zance ba. Mace ta ce tana fashin salla, ko ta yi baƙon wata, ko tana al'ada, duk Hausa ce mai kyau, ta kuwa dace da zaman gida. Amma kasuwa ba zaure ba ce. Kakanninmu suna da sunan tsumman da suke amfani da shi, ƙunzugu, ba su kuwa mutu don sun faɗe shi ba. Littafin Ahalari da ɗalibai ke fara karatun ilmi da shi yana da fasali sukutum a kan haila, malamai suna karantar da shi a fili. Abin da malami ya faɗa gaban almajirai, don me za a ji nauyinsa gaban mai kanti? Kalma guda ce muke roƙo a daina, watau kiran abin ƙazanta. Yarinyar da aka koya wa haka za ta ɓoye ciwonta, ta ɓoye bukatarta.

Yanzu sai mu zo ga lissafi, tun da yawancinku 'yan kasuwa ne. Haila takan yi kwana 3 zuwa 7, ta dawo bayan kamar kwana 28, watau wajen sau 13 a shekara. Likitoci sun ce a riƙa canja auduga bayan awa 4 zuwa 6. A ce guda 4 a rana, kwana 5, ya zama guda 20 a wata, 260 a shekara. Magidanci mai mata ɗaya da 'yan mata uku yana bukatar guda 80 kowane wata. Wannan ba ƙaramin cefane ba ne.

Saboda haka kada a dubi kuɗin ƙunshi, a dubi kuɗin guda ɗaya. Misali, a ce ƙunshi mai guda 7 naira 700 ne, mai guda 10 kuma naira 900. Na farko kowace guda ta tashi a 100, na biyu a 90. Wanda ya fi tsada a ido shi ne mai araha. Sa'an nan a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, kada kuma a karɓi ƙunshin da ya yage. Araha ba ta ado: audugar da ke yoyo bayan awa ɗaya, biyu za a sa a wurin ɗaya. Matan unguwa da ke adashi suna iya haɗa kuɗi su sayi katan a kan farashin sari, su raba.

Wadda ba ta da halin saye kowane wata, ƙunzugu ba abin raini ba ne, in dai an yi shi da ƙyallen auduga mai tsabta. Akwai kuma wanda ake ɗinkawa da maɓalli, a wanke a sake sawa har shekara ko fiye. Sharaɗinsa uku: sabulu, ruwa, da rana. A nan ma kunya ke yin ɓarna, domin ana shanya shi ƙarƙashin katifa ko bayan ƙyaure, a mayar da shi da danshi, sai ƙaiƙayi ya biyo baya. A shanya a rana, ko da an lulluɓa siririn ƙyalle a kai. Teloli da masu yadi na Kantin Kwari, ga sana'a tana kiranku. Akwai kuma wani ɗan kofin roba mai laushi da kan yi shekaru, amma kuɗinsa na farko da nauyi, kuma sai an tafasa shi bayan kowane wata. Inda sai an sayi ruwa wurin mai garuwa, a sa wannan cikin lissafi.

Gwamnati fa? Ƙasar Kenya ta cire harajin saye daga audugar mata tun 2004, a 2017 kuma ta yi doka a riƙa ba 'yan makarantun gwamnati kyauta. Indiya ta cire nata harajin a 2018. Sukotland ta yi doka a 2020 cewa duk mai bukata ta samu kyauta. A Nijeriya, dokar kuɗi da ta fara aiki a 2020 ta yafe harajin VAT ga audugar da aka yi a cikin gida. Madalla. Amma da aka cire tallafin mai a 2023, naira kuma ta faɗi, kuɗin mota da na kayan haɗi da ake shigowa da su suka lashe wannan rangwame. Muna kira a sauƙaƙa kuɗin fito a kan kayan haɗin, a kuma sa ruwa da makewayi mai ƙofa a kowace makarantar 'yan mata. Yarinyar da ke zama gida kwana 3 kowane wata, wajen kwana 30 ke nan ta rasa a shekarar karatu.

Ba za a yi mana wannan ba sai mun nema, ba kuwa za mu iya nema ba sai mun iya faɗin sunan abin. 'Yan kasuwa, ku fito da ita fili, ku rubuta kuɗinta kamar na sukari. Magidanta, ku sa ta cikin kuɗin cefane tun ba a tambaye ku ba, domin 'yar da ta kasa roƙon ubanta, wani a waje za ta roƙa. Iyaye mata, ku koya wa 'ya'yanku su ce "audugar mata, guda nawa ne a ciki, nawa za ka bari?" Ranar 28 ga Mayu, wadda aka keɓe wa tsabtar haila tun 2014, muna so kowane reshe na mata ya zauna a kan wannan magana.

In kunne ya ji, jiki ya tsira.