Dajin Falgore Na Wane Ne?

Jama'a, yau maganar daji za mu yi, kada kuwa wani ya ce zancen masu ƙoshi ne. Ku tambayi yaran da ke talla a Kasuwar Kurmi, ko masu dako a Kantin Kwari, wa ya taɓa ganin giwa tana kiwo a dawa? Wa ya taɓa kwana a tanti a bakin kogi ya ji kukan kura? Sai dai su ce sun ga zaki cikin keji a gidan namun daji na Audu Bako. Amma ku leƙa Nassarawa, unguwar da Turawa suka keɓe wa kansu, manyanmu suka gada. Can in hutu ya zo, mai so sai ya ɗaura tanti da guzuri bisa mota ya nufi Yankari, wani ma ya hau jirgi sai Kenya.

Wannan rabo ba yau ya fara ba. A zamanin Gwamna Lugga aka yi doka a bar fili yadi 440 tsakanin gidajen Turawa da na baƙar fata. Mulkin da ya ja wannan iyaka shi ne ya ja wa dazuzzukanmu iyaka. A shekarun 1940 aka keɓe dajin Kogin Kano, a shekarun 1960 aka mai da shi gandun namun daji, shi ne Falgore, wajen kilomita 150 daga birni a kan hanyar Jos. Wa ya yi asara? Manomi ya bar saurarsa, maharbi ya rataye kwari da baka, mai itace in malamin daji ya kama shi sai tara. Bature kuwa ya yanki lasin, ya saɓa bindigarsa.

Mu ba mu ƙi a keɓe daji ba, don mun san amfaninsa. Kogin Kano ta cikin Falgore ya ratso kafin ya zuba a madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974. Ruwan Tiga ne ke shayar da gonakin Kadawa da Kura, inda shinkafa da alkama da tumatir ke fitowa su cika kasuwanninmu. In aka sare dajin, ƙasa ta zaizaye ta cike madatsar, to, mai kayan gwari a 'Yan Kaba zai riga mai gida a Nassarawa ji a jikinsa.

To, me aka yi da wannan amana? An bar ta ga masu gawayi da masu sarar katako. Ɓarayin shanu da masu satar mutane suka mai da dajin mafaka, har a 2017 sai da soja suka shiga. Ku dubi Yankari ta ƙasar Bauchi. An keɓe ta a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962. Can akwai giwaye da ɓauna da gwaggon biri, ga ruwan ɗumi na Wikki, ga ɗakunan baƙi. Ashe Kano ba ta iya abin da Bauchi ta iya?

Ga abin da muke nema. Na farko, a tsare Falgore, a ɗauki 'ya'yan ƙauyukan Doguwa da Tudun Wada da Sumaila aikin gadi da rakiyar baƙi, tun da iyayensu aka raba da dajin. Na biyu, a gyara masauki mai araha da wurin kafa tanti, kada a yi mana otal ɗin da sai mai babbar riga ke shiga. Na uku, kowace makarantar gwamnati a kai yaranta daji ko da sau ɗaya kafin su gama.

Mu ma kada mu naɗe hannu. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa suna adashin biki da na Salla, to, a yi na tafiya. A haɗa kuɗi a ɗauki shatar mota da rani, lokacin da ciyawa ta bushe, namun daji suka taru a bakin Kogin Gaji na Yankari, a kai yara su gani da idonsu. Gani ya kori ji. Yaron da ya ga giwa a dawa, in ya girma zai tambayi masu mulki ina aka kai namun Falgore. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Allah ya sa masu kunne su ji.