SHARHI: Bindiga Ƙirar Gida, Kariya Ce Ko Kuwa Ajiyar Ajali A Ɗaka?

Duk wanda ke zaune a unguwannin da ke kudancin kogin Kaduna, tun daga Kakuri da Nasarawa da Television har zuwa Sabon Tasha da Unguwar Romi da Gonin Gora, ya san yadda taron masu gidaje kan ƙare idan aka zo kan maganar tsaro. Za a yi magana a kan fitila da usur da kuɗin 'yan sintiri, can sai wani ya sassauta murya ya ce ai akwai wanda ya san wani maƙeri, aikinsa yana da kyau, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Daga nan sai tambaya ta koma: wace ce mai arha, wace ce mai ƙarko? Tun da wannan tambaya tana yawo a bakin mutanenmu, har a harabar majami'u bayan an tashi sujada, ya kamata a fito da ita fili a dube ta da idon basira.

Ba a raina tsoron da ya haifi tambayar. Rikicin Zangon Kataf na watan Mayu 1992 ya watsu har cikin garin Kaduna. Rikicin Fabrairu 2000 da na Nuwamba 2002 su ne suka raba garin gida biyu, kogi ya zama iyaka, sannan na bayan zaɓen Afrilu 2011 ya ƙara zurfafa ramin. Daga baya sai masifa ta sake kama, ta koma satar mutane don kuɗin fansa. A watan Janairu 2020 aka sace ɗalibai huɗu a makarantar horon limaman Katolika ta Good Shepherd da ke Kakau, aka kashe ɗaya daga cikinsu. A watan Afrilu 2021 aka shiga Jami'ar Greenfield a kan hanyar Abuja. Ran 5 ga watan Yuli 2021 aka kwashi ɗalibai sama da 120 a makarantar sakandare ta Bethel Baptist, a ƙaramar hukumar Chikun. A watan Maris 2024 kuma sai ga na Kuriga. Magidancin da ya ga waɗannan da idonsa, in ya ce yana son abin da zai kare iyalinsa, ba wanda zai ce masa ya yi hauka.

Bugu da ƙari, manya ma sun sa baki. A watan Maris 2018, a Jalingo, Janar T. Y. Danjuma mai ritaya ya yi kira ga jama'a su tashi su kare kansu. A watan Yuni 2022 gwamnatin Zamfara ta lokacin ta ce mutanenta su nemi lasin su mallaki bindiga. To amma bindigar waje ta fi ƙarfin aljihun talaka, musamman tun da darajar Naira ta faɗi a 2023, a yankin da masaƙunsa suka daɗe da mutuwa. Wannan ne ya buɗe wa maƙera kasuwa. Cibiyar Small Arms Survey ta Janiba ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai bindigogi wajen miliyan 6 a hannun farar hula a Nijeriya, kuma a 2018 ta fitar da rahoto na musamman a kan ƙirar gida, inda ta nuna cewa neman kariya na cikin manyan dalilan da ke sa mutane sayenta.

Daga adaka zuwa mai cin harsashi

Ƙirar bindiga tsohuwar sana'a ce a Afirka ta Yamma. Turawan fatauci ne suka riƙa shigo da dogayen bindigogi ta bakin teku tun zamanin cinikin bayi, da yawansu ƙirar Birmingham ta Ingila, maƙeranmu suka koyi gyaransu, daga gyara suka koyi ƙira. Maƙeran Awka sun yi suna a wannan fanni tun kafin Yaƙin Basasa. Ita ce adaka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki a daddaka, wadda wasu ke kira harba-ka-ruga. Kakanninmu sun yi farauta da ita, sun kori birai daga gona, sun buga ta a bukukuwa.

Amma abin da ake tallata wa mutanen birni a yau daban yake. Kwaikwayon bindigar farauta ta Turai ce, mai baki ɗaya ko mai baki biyu, wadda ake karyawa a sa mata harsashin kanti. A nan ne matsalar take. Albarushin gargajiya ƙarfinsa kaɗan ne in aka gwada shi da hodar da ke cikin harsashin zamani. Shi harsashin zamani an yi shi ne domin bututun da aka ƙera da ƙarfe na musamman a masana'anta. Lokacin da ya tashi, matsin da yake yi a cikin bututu ya ninka iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota fiye da sau 200, kuma wannan yana faruwa ne taƙi ɗaya daga fuskar mai harbi.

To da wane ƙarfe maƙerin unguwa yake tarbar wannan ƙarfi? Da abin da ya samu a bola ko wurin masu gwangwan. Sau da yawa bututun ruwa ne, wanda tun asali nannaɗe shi aka yi aka bi shi da walda, yana da ɗinki daga sama har ƙasa. Irin wannan yana iya jure harbi goma, ko hamsin, mai shi ya saki jiki ya ce ya dace. Alhali kuwa kowane harbi yana ƙara gajiyar da ƙarfen, tsatsar damina tana cinsa ta ciki inda ido ba ya gani, har ranar da zai tsage. Idan ya tsage kuwa, hannun hagu ne ke riƙe da wurin, idanu kuma suna bayansa.

Ba bututun kaɗai ba ne. Mahaɗin da ke kulle bindigar bayan an sa harsashi yakan saki da yawan amfani, wuta ta dawo baya. Da yawansu ba su da makullin da ke hana kunama motsi, saboda haka faɗuwa ƙasa ko girgizar babur ta isa ta tayar da su. Wani lokaci kuma akasin haka ake samu: a ja kunama ta ƙi tashi, ko kwanso ya maƙale ya ƙi fita. Wato tana iya tashi lokacin da ba a so, ta kuma yi shiru lokacin da rai ya dogara gare ta.

Wa ya gwada ta?

In an ciza sai a hura. Ba dukan maƙera ne 'yan ci-da-ceto ba. Akwai masu hannu ƙwarai, waɗanda da sun samu horo da kayan aiki da sun zama abin alfahari. Amma mai saye ba shi da hanyar da zai bambance aikin gwani da na ɗan koyo. Fenti da ƙota mai sheƙi ba su nuna abin da ke cikin ƙarfe. Wasu ma sukan buga sunan wata ƙasar waje a jikin bindigar don ta yi daraja.

Turawa sun sha wannan wahala kafin mu, shi ya sa suka kafa gidajen gwaji. Na Landan ya samo asali tun 1637, na Birmingham kuma dokar majalisa ce ta kafa shi a 1813. A can, kafin a sayar da bindiga, sai an harba ta da harsashin da ya fi na kullum ƙarfi, a ɗakin da ba mutum a ciki, a duba ta, sannan a buga mata hatimi. Wadda za ta fashe sai ta fashe a can. A nan kuwa, mai saye shi ne gidan gwajin, yatsunsa da idanunsa su ne abin gwajin. Ba lamba, ba rasit, ba inda za a kai ƙara, domin cinikin da kansa laifi ne. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Abin mamaki shi ne, a tsakiyar wannan yanki namu, a Kakuri, masana'antar makamai ta ƙasa take, wato DICON, wadda aka kafa a 1964 da taimakon kamfanin Fritz Werner na Jamus ta Yamma. Ƙasar da ta yi shekara 60 tana da irin wannan masana'anta ba ta rasa sanin yadda ake gwada ƙarfe ba. Abin da aka rasa shi ne tsari: an bar maharbi da manomi na gaskiya ba su da halattacciyar hanya mai sauƙi, an kuma bar maƙera a ɓoye, inda ba mai duba aikinsu, ba kuma mai sanin wanda suke sayar wa.

Abin da doka ta ce

Dokar Bindigogi ta 1959, wadda har yanzu ake aiki da ita, ta kasa bindigogi kashi uku. Na farko makaman yaƙi, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa. Na biyu bindigogin farauta masu cin harsashi, waɗanda lasinsu ke hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Na uku irin su adaka, waɗanda lamarinsu ke hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Izinin ƙira da dokar ta yarda a ba maƙeri na kashi na ukun ne kawai. Ma'ana, bindiga mai cin harsashi da aka ƙera a bayan gida haramtacciya ce tun daga ranar da ta fito daga wuta. Hukuncin ƙira ba da izini ba ɗaurin shekara 10 ne aƙalla, riƙe bindigar farauta ba lasin kuma yana iya kai mutum shekara 5. Akwai kuma dokar fashi da makami ta 1984, wadda ta tanadi ɗaurin shekara 10 ko tara ga wanda aka samu da bindiga ba bisa ƙa'ida ba. A 2018 Sufeto Janar na lokacin ya ba da umarnin tattara haramtattun makamai, a 2023 kuma rundunar 'yan sanda ta bayyana cewa ta dakatar da ba da sabon lasin. Tun 2021 akwai cibiya ta musamman a ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Tsaro da aikinta ke nan.

Saurayin da jama'ar unguwa suka ɗora wa irin wannan bindiga a kafaɗa, in aka kama shi, shi kaɗai zai tsaya gaban alƙali. Waɗanda suka yi karo-karon kuɗin ba za a gan su ba.

A yi lissafi

Ko da a ce bindigar ta yi kyau, ta kuma tashi, me za ta iya? Bindigar farauta ba ta da tasiri sosai bayan mita 40. Harbi ɗaya ko biyu, sai a tsaya a sake ɗuri. Masu satar mutane kuwa suna zuwa ne da yawa, da AK-47 mai cin harsashi 30, wadda ke kaiwa mita 300. Gaskiya ne akwai lokutan da ƙarar bindiga ta kori ɓarayin akuya ko ta farkar da unguwa. Amma harbi ɗaya daga taga yana iya jawo ruwan wuta a kan ɗakin da yara ke kwance.

Sannan bindigar da aka saya domin dare ɗaya tana zama a gida kwana 365 a shekara. Tana nan ranar da yaro ya leƙa ƙarƙashin gado. Tana nan ranar da maigida ya dawo a buge, ranar da aka yi rigimar fili da maƙwabci, ranar da wani ya buga ƙofa da tsakar dare ashe ɗan gida ne. Tana nan kuma ranar da jita-jita ta taso cewa an fara a ƙetaren kogi. Mutanen Kaduna, Kirista da Musulmi, sun san yadda makamin da aka ajiye da sunan kariya yake komawa na ramuwa cikin sa'a guda, matafiyin da bai san hawa ba bai san sauka ba ya biya bashin. Maƙerin da ya sayar maka kuwa bai yi rantsuwa cewa ba zai sayar wa wanda kake tsoro ba.

Ina mafita?

Nauyi na farko a wuyan gwamnati yake. Mutum ba ya neman maƙeri sai ya kira 'yan sanda ba su zo ba. Gwamnatin Jihar Kaduna ta ɗauki mutum 7,000 aikin rundunar sintiri ta jiha a 2023. Haƙƙin jama'ar Chikun da Kaduna ta Kudu ne su tambaya nawa aka turo unguwanninsu, da wane kayan aiki, kuma wa ke kula da su. Ya kamata kuma a yi wa maƙera rajista, a juya basirarsu zuwa kayan noma da na masana'antu, maimakon a bar su tsakanin kurkuku da 'yan ta'adda.

Mu kuma namu shi ne mu sa kuɗin karo-karo inda zai yi amfani: fitilu masu aiki da hasken rana, ƙofofi a bakin layi, share ciyayi da kangaye, waya da usur ga masu gadi, rajistar 'yan sintiri a ofishin 'yan sanda na yanki, da sanin baƙon da ya kama haya. Fastoci da dattawan ikilisiya su kula kada kuɗin jama'a ya tafi wurin da ba za a iya rubuta shi a littafin ma'aji ba, su kuma riƙe zumunci da limamai da masu unguwanni na ɗaya ɓangaren, domin ɓarawon mutane ba ya tambayar addini kafin ya sa farashi. Wanda ya riga ya ajiye irin wannan bindiga, ya nemi shawarar lauya ko mai unguwa a kan yadda zai miƙa ta. In kuma tsautsayi ya faru, a garzaya asibiti ba tare da ɓoye-ɓoye ba: dokar 2017 ta wajabta wa asibitoci su karɓi wanda harsashi ya raunata ko da babu takardar 'yan sanda.

Araha ba ta ado, in ji masu iya magana. A sauran kayayyaki, in araha ta ci amanarka, kuɗinka ne suka tafi. A wannan kuwa, abin da za a biya da shi ido ne, ko hannu, ko shekaru a gidan yari, ko ran ɗan da aka sayi bindigar domin a kare shi.