Idan aka nemi likita a cikin jirgi, da wane ido ake tantance shi?



Ƴan uwa, duk shekara idan aikin Hajji ya gabato mukan yawaita tambaya a kan miƙati da harami, da yadda ake salla a kujerar jirgi, da hukuncin wanda alwala ta yi masa wuya a can sama. Akwai wata mas'ala ta cikin jirgin da ba mu cika tayar da ita ba, alhali rai ne a cikinta. Idan mutum ya yanke jiki ya faɗi, aka yi shela ana neman likita cikin matafiya, wa za a bari ya taɓa shi, kuma da me za a gane cewa likitan ne?

Kada ka ɗauka abin yana da wuyar aukuwa. A shekarar 2013 mujallar likitanci ta New England Journal of Medicine ta fitar da binciken da aka yi a kan larurori 11,920 da suka faru cikin jirage tsakanin 2008 da 2010. An samu cewa a kowane tashi 604 akan yi larura ɗaya. Suma ko jiri su ne kan gaba, kusan kashi 37 cikin 100, sai wahalar numfashi. A kusan rabin waɗannan larurorin, likitan da ya taimaka matafiyi ne kamar kowa, ya biya kuɗin kujerarsa. Iskar da ke cikin jirgi kamar ta kan dutse mai tsawon mita 1,800 zuwa 2,400 take, jini ba ya samun rabonsa kamar yadda yake samu a ƙasa. To ka dubi maniyyatanmu. Dattijo ne ko dattijuwa, wataƙila da hawan jini ko ciwon suga, ya sha hanya daga Kore Mairuwa zuwa Yamai, ya yi zaman jira a filin jirgi na Diori Hamani, sannan ya ƙi shan ruwa don gudun shiga ban ɗakin da bai saba da shi ba, ga tafiyar awa biyar ko fiye a gabansa. Idan aka yi shelar nan, mai yiwuwa saboda mahaifinka ne.

Abin da ya ta da wannan magana a duniya a Amurka ya faru. A watan Oktoba 2016, cikin jirgin kamfanin Delta da ya tashi daga birnin Detroit, wani mutum ya suma, matarsa ta yi kururuwa. Akwai likita baƙar fata a kusa da su, Dokta Tamika Cross, mai aiki a fannin mata da haihuwa a birnin Houston. Ta ɗaga hannu. Kamar yadda ta bayyana daga baya a Facebook, ma'aikaciyar jirgin ta ce ta sauke hannunta, likitoci na gaske ake nema. Da ta nace, sai aka rufe ta da tambayoyi: ina takardarki, likitar mene ne ke, a ina kike aiki, me ya kai ki Detroit. Ana cikin haka wani Bature ya taso ya ce shi likita ne, aka ba shi hanya. Ita ta ce ba ta ga ya nuna wata takarda ba. Kamfanin ya ce cikin mutum uku da suka gabatar da kansu, wanda ya nuna shaida shi aka zaɓa. Adalci ne a kawo zancen ɓangarorin biyu. Amma kalmar farko da aka faɗa mata ta riga neman takarda, kuma ita ce abin dubawa. A watan Disamba na shekarar kamfanin ya janye sharaɗin cewa dole sai likita ya nuna takarda kafin ya taimaka.

Bayan shekara biyu, a Oktoba 2018, abin ya sake faruwa a jirgin da ke aiki da sunan wannan kamfanin, daga Indianapolis zuwa Boston. Dokta Fatima Cody Stanford, malama a makarantar likitanci ta Harvard, ta fara taimaka wa maƙwabciyar kujerarta da numfashi ya rikice mata. Tun kafin a tambaye ta ta fito da katin shaidar aikinta. An duba, aka sake zuwa aka duba, har aka tambaye ta ko da gaske katin nata ne. Wannan na biyun ya fi koyar da mu darasi. Ta farko an raina ta ba ta da takarda a hannu, ta biyu an raina ta tana riƙe da takardar, a lokacin da dokar neman takardar ma an riga an ɗage ta. Ashe ciwon yana cikin idon mai dubawa, sauya doka kaɗai ba ta kai gare shi ba.

Kada wani ya fahimci cewa tantance likita laifi ne. Addininmu ya riga kamfanonin jirgi sanin haɗarin likitan ƙarya. A hadisin da Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah suka ruwaito, an ɗora wa wanda ya shiga yin magani, alhali ba a san shi da ilimin ba, alhakin duk ɓarnar da ta biyo baya. Daga nan malaman fiƙihu suka bambanta kuskuren masani da gangancin jahili. Tarihi ma ya adana cewa a shekara ta 319 bayan Hijira, wato 931, wani majinyaci ya mutu a Bagadaza saboda kuskuren mai magani, sai Halifa Muƙtadir ya hana kowa aikin likitanci har sai Sinan ɗan Sabit ya jarraba shi. Likitocin da abin ya shafa sun haura 800. Ka lura da abu biyu a nan. An jarraba su ne a kan abin da suka sani, ba a ware wasu don launin fatarsu ko garinsu ba. Shi kansa mai jarrabawar ɗan gidan Sabi'awan Harran ne, iliminsa ya sa aka ba shi aikin.

Wannan ita ce tantancewa: mudu ɗaya ga kowa. Idan za a tambayi mace baƙar fata sunan asibitinta, a tambayi Bature mai furfura nasa. Idan kuma an yarda da kalmar bakinsa, a yarda da tata. Duk tambayar da ake ajiye wa wasu fuskoki kaɗai ta tashi daga bincike ta koma mummunan zato, ko da an lulluɓe ta da sunan kare majinyaci. Kuma farashinta majinyacin ne ke biya. Wanda zuciyarsa ta tsaya, ƙwaƙwalwarsa takan fara lalacewa cikin minti huɗu zuwa shida idan ba a danna masa ƙirji ba. Ceton rai farali ne na kifaya, idan wasu sun yi ya sauka daga kan saura. To idan a cikin jirgin mutum ɗaya ne kaɗai ya iya, faralin ya koma kansa shi kaɗai. Wanda ya tare masa hanya saboda fuskarsa ba ta yi masa kama da ta likita ba, sai ya shirya amsar da zai bayar.

Da sauƙi mu yi tir da Amurka mu kashe waya mu kwanta. Amma ka zauna a bakin asibitin garinmu, ko na Dogon Dutsi, ko na Doso, ka saurara. Mace ta shekara bakwai ko fiye a sashen likitanci na Jami'ar Abdou Moumouni, ta duba majinyaci ta rubuta magani, sai mai jinya ya ce mata, yaushe lokotoron zai zo? Saurayi ya dawo gida da takardarsa, sai a ce ai ɗan wane ne, jiya-jiya yake kiwon awaki. Wani ma a tono masa sana'ar kakansa. Hausawa sun ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani yau da gobe. Da baƙo mai farar fata zai sauka da jaka a hannu, layin da za a yi masa sai ya kai bakin kwalta, ba mai tambayar a ina ya yi karatu. Abin da ya fi wannan ban takaici, mutumin da ke shakkar likita mai takarda shi ne zai tsaya a kasuwa ya sayi ƙwayoyi da suka wuni a rana daga hannun mai talla, har ya miƙa masa cinyar ɗansa ya yi masa allura. Inda ya kamata mu tsananta tambaya mun yi shiru, mun kwashe ta mun kai inda ba a bukatarta.

Ga maniyyata musamman akwai abin tunawa. Aɗa'u ɗan Abi Rabah baƙi ne, ƴantaccen bawa, kuma shi ne mai fatawar Makka a zamaninsa. Masu tarihi sun kawo cewa Halifa Sulaimanu ɗan Abdul Malik ya je da ƴaƴansa ya zauna gabansa yana tambayar hukunce-hukuncen Hajji. A wannan aikin ne kuma, a huɗubar ban kwana, Manzon Allah (SAW) ya rushe fifikon launi da na ƙabila. Zai zama abin kunya mu hau jirgi zuwa wurin da aka yi wannan huɗubar muna auna ilimin mutum da fatarsa.

Saboda haka, ya kai ɗan uwa, idan ka ga an yi shela wata ko wani ya tashi, ka buɗe hanya, ka riƙe bakinka. Tambaya aikin ma'aikatan jirgi ce, kuma da yawa daga cikin kamfanoni suna da likitoci a ƙasa da matuƙi ke iya tuntuɓa. Idan majinyacin naka ne, mafi amfanin abin da za ka yi shi ne ka faɗi ciwonsa da maganin da yake sha da lokacin da ya ci abinci, ka kuma yi tafinta idan ba ya jin harshensu. Ke kuma ko kai mai aikin lafiya, likita ko majiya ko ungozoma, ka sa katin aikinka a aljihu, ka faɗi matsayinka yadda yake ba ƙari, kuma kada tsoron raini ya zaunar da kai. Wanda zai raka tsoho filin jirgi ya tabbatar maganinsa yana cikin ƙaramar jakar hannu, tare da takarda mai ɗauke da sunan ciwon da sunan maganin, domin babbar jaka tana can ƙarƙashin jirgi, ba mai isa gare ta sai an sauka.

Allah Ya kai maniyyatanmu lafiya, Ya dawo mana da su lafiya. Wassalamu alaikum.