Ido Ya San Ƙima, Amma Bai San Abin da ke Cikin Ƙwaya Ba

Duk lokacin da aka tayar da zancen kafa wurin gwada riɗi da zoɓo a kasuwannin Shuwarin da Gujungu, don a riƙa ba kowane buhu daraja a rubuce kafin a yi ciniki, akwai amsar da wasu dillalai da 'yan sari ke bayarwa: ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Hujjarsu ita ce gogaggen ɗan kasuwa yana damƙar riɗi a tafin hannu, ya dubi farinsa, ya murza, ya tauna, ya faɗi kuɗinsa, takardar wani ma'aikaci kuwa ba za ta ƙara masa komai ba. Maganar ba ta wofi ba ce, shi ya sa ta cancanci a bi ta daki-daki.

Sun ce haka kakanni suka yi ciniki. Wannan rabin tarihi ne. Bayan da jirgin ƙasa ya fara kwasar gyaɗa daga Kano a 1912, amfanin da za a fitar waje ya shiga hannun masu duba inganci, kuma dattawan da suka kai auduga kasuwar gwamnati sun san ana raba ta lamba ɗaya da lamba biyu, kowace da farashinta. Sai a 1986, da aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, tsarin ya sassauta. Abin da suke kira gado, shekarunsa ba su kai na yawancin masu faɗin haka ba. A fiƙihun Malikiyya ma, sayar da tsibi da kintace halal ne, amma da sharaɗin mai saye da mai sayarwa duka ba su san adadin ba. Idan ɗaya ya sani ya ɓoye, an zalunci ɗayan. Malamai sun yi wannan magana a kan yawa, sai dai hikimarta ta shafi inganci. Mai sayen da zai kai kaya kasuwar Dawanau ya san za a tace, a auna danshi, a cire ƙasa da tsakuwa, ya kuma san nawa za a biya shi a kan kowane mataki. Manomin da ya ɗauko buhu biyu daga ƙauyen Kiyawa bai san ko ɗaya daga ciki ba. Ido ɗaya ne ke gani a wannan ciniki.

Sun ce abin da ya yi kyau a ido shi ne mai kyau. A nan ne hujjar ta fi rauni, domin abin da ke sa a dawo da kayan Nijeriya daga tashar jiragen ruwa ba ya ganuwa. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga ƙasar nan saboda ragowar maganin ƙwari, irin sinadarin da ke cikin fiya-fiya, ya zarce iyakar da suka gindaya. Waken nan ya fi kowane kyan gani, don ƙwaro bai huda shi ba, kuma maganin da ya hana hudar shi ne laifinsa. Meziko, wadda ta fi kowa sayen zoɓonmu, ta taɓa dakatar da saye saboda ƙwaron rumbu da aka samu a cikin kaya, manoman Jigawa kuma sun ji a jikinsu. Gubar fumfuna da ke kama gyaɗa da riɗi idan aka ɗura su da laima tana iya zama a ƙwayar da ta yi fari tas. Hadisin da ya zo a Sahihu Muslim ya nuna Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai tsaya ga saman tsibin abinci ba, sai da ya cusa hannunsa ya taɓo jiƙaƙƙen da ke ƙasa. Na'urar auna danshi wannan aikin take yi, ta isa inda yatsa ba ya isa.

Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce mai ba da daraja ɗan Adam ne, yana kuskure, ana kuma iya toshe masa baki. Na yarda, kuma akwai misalin da ya fi nasu. A Amurka, inda ake cinikin tsofaffin katunan 'yan wasa da miliyoyin daloli, kamfanin PSA yana ba kati maki daga 1 zuwa 10. Katin farko da ya tantance a 1991, na ɗan wasa Honus Wagner, ya ba shi 8, an sayar da shi dala miliyan 2.8 a 2007, sannan a 2013 wani dillali mai suna Bill Mastro ya amsa a gaban kotu cewa ya datse gefen katin don ya ƙara kyau. Wani zai ce daga nan gara a bi ido. Amma a dubi abin da ya faru da kyau. Datsewar an yi ta ne don a yaudari ido, kuma ta yaudare shi. An iya kiran abin ha'inci, har ya kai kotu, saboda akwai ƙa'ida sananniya da ta ce datsattsen kati ba ya samun maki, akwai kuma rubutacciyar shaida da za a koma wa. Idan dillali ya ce riɗinka bai yi ba, wa za ka kai wa ƙara, da wace shaida? Ban da haka, kati don kallo ake sayensa, mai shi yana da damar ya fifita wanda ya burge shi. Riɗi ci za a yi, a Japan ko Turkiyya, kuma mai ci ba ya nan ranar kasuwa.

Saura zancen tsada da ɓata lokaci. Ba wanda ya ce a gwada tiya biyun da uwargida za ta saya don kantu. A wannan ido ya wadatar. Maganar ta buhunan da za su ƙetare teku ce, waɗanda ko an ƙi ko an so za a gwada su a Kano ko Legas, a cire kuɗin asarar daga farashin da aka ba manomi tun a Shuwarin. Wanda ya shanya riɗinsa a kan tamfal, ya sheƙe, ya tankaɗe, da wanda ya kakkaɓe a ƙasa ya ɗura da yashi, kuɗinsu kusan ɗaya ne a yau, saboda mai saye yana yanke farashi ne da tsoron mafi munin buhu. Baɗi kuwa mai tamfal zai ajiye tamfal ɗinsa.