Gonar gayya da gonar aro

A da, aikin ƙididdiga sai ma'aikatan gwamnati da malaman jami'a. Duk wanda ke son juya tarin alƙaluma su koma zane mai sauƙin ganewa, to sai ya sayi manhajar kwamfuta mai ɗan karen tsada. Intanet ce ta sauya lamarin, amma ta hanyoyi biyu, kuma ƙarshensu bai zo ɗaya ba.

Hanya ta farko ta taso ne daga jami'ar Auckland, a ƙasar Niyu Zilan. A 1993, malamai biyu, Ross Ihaka da Robert Gentleman, suka fito da wani harshen kwamfuta na ƙididdiga, suka raɗa masa suna R, wato harafin farko na sunayensu. A 1995 suka sake shi ga jama'a: kowa na iya kwafa, ya gyara, ya rarraba, da sharaɗin kada ya hana wa na bayansa. A 1997 aka kafa masa rumbu mai suna CRAN a birnin Biyana na Ostiriya, inda kowa ke zuba abin da ya ƙera, sa'an nan aka yi ta ajiye kwafin rumbun a jami'o'in ƙasashe daban-daban. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: a 2017 kayan aikin da ke ciki sun haura 10,000. Daga cikinsu akwai ggplot2 na Hadley Wickham, wanda ya fito a 2007, ya zama alƙalamin zanen dubban mutane. A 2012 kuma Gabriela de Queiroz ta kafa ƙungiyar R-Ladies a San Faransisko, domin kada a bar mata a baya.

Hanya ta biyu ita ce ta kamfanoni. A 2007 kamfanin IBM ya buɗe dandalin Many Eyes, wanda Fernanda Viégas da Martin Wattenberg suka tsara. Mutum zai ɗora alƙalumansa, nan take zane ya fito, jama'a su taru suna muhawara a kai. Ya fi R sauƙi nesa ba kusa ba, kuma bai buƙaci koyon wani harshe ba. To amma filin na kamfani ne. A 2015 IBM ya rufe shi, gumin shekaru takwas ya ɓace wa idon jama'a. Wani dandalin irinsa, Swivel, tun 2010 ya riga ya rufe.

Su kansu ƴan R ba su tsira daga wannan darasi ba. Sun daɗe da mai da Twitter majalisarsu ta hira. Da Elon Musk ya saye shi a 2022, da yawansu suka tattara nasu ya nasu suka koma Mastodon da Bluesky, majalisa ta watse. Amma rumbu yana nan, domin ba a hannun mutum ɗaya yake ba.

Saboda haka, ɗalibi ko ɗan jarida da zai zuba ƙarfinsa a irin wannan aiki, ya kyautu ya tambaya tun da wuri: filin na wane ne, kuma ran da aka rufe ƙofa, me zai iya fita da shi? Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.